Daga Wuri zuwa Naira: Lissafin Canji a Gabashin Sakkwato

A watan Afrilun 1853, matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, inda ɗansa Aliyu Babba ke zaune a lokacin. Kuɗin kasuwa a wancan zamani wuri ne, manyan fatake kuma suna riƙe da azurfar Maria Theresa. Barth ya rubuta cewa a Kano azurfa ɗaya tana daidai da wuri 2,500. Ke nan keso guda, wato buhun tabarma mai wuri 20,000, azurfa takwas ne.

Lissafin ba shi da wuya: idan ɗaya ta ba da 2,500, sai a raba 20,000 da wannan adadi. Wuyar tana ga ma'aunin kansa, domin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga tsakiyar ƙarni na 19, 'yan kasuwar Turai suka riƙa jigilar wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar zuwa Legas, darajarsa ta yi ta zubewa. Duk ranar da azurfa ta kai wuri 5,000, keson da ke ɗakin manomi ya koma azurfa huɗu, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai suka hana shigo da wuri a 1904, suka kawo fam da sule da kwabo: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Sannu a hankali haraji ya koma sai da tsabar Bature, don haka mai wuri dole ya nemi sule a kan farashin da mai sule ya yanka. Lokacin da Ahmadu Bello ya zama hakimin Rabah a 1934, da fam da sule ake rubuta harajin gunduma.

Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam. Wannan karon doka ce ta ƙayyade ma'auni: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Shi ya sa jaka, wadda a da fam 100 ce, ta zama naira 200 a bakin dattawa.

Ɗan kasuwar Goronyo da ke saye da sayarwa da mutanen Nijar yana cikin wannan lissafi har yau. A can dala ɗaya sefa biyar ce, jaka kuma sefa 1,000, wato dala 200. Sai ya fara tantance wace jaka ake nufi, sannan ya tambayi farashin ranar. Wanda ya ajiye naira alhali da sefa zai biya, asarar mai keso ce ke jiransa duk ranar da naira ta faɗi.