Yamai ta 2005 a cikin tsohon ambulan

Makon jiya ina neman takardar haihuwar 'yata a akwatin ƙarfe, sai na ci karo da wani tsohon ambulan da ƙura ta rine. A ciki akwai hotunan da na ɗauka a Yamai cikin watan Disamba na 2005, lokacin wasannin ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci. Fim ɗaya ne mai cin hoto 36, bakwai suka ƙone, 29 suka fito. Na kai su aji don darasin tarihi, kuma tambayar da wata yarinya ta yi mini a can ce ta sa na zauna rubuta wannan.

A Maroko aka fara waɗannan wasanni a 1989. Na Yamai su ne karo na biyar, daga 7 zuwa 17 ga Disamba, zamanin Shugaba Tandja Mamadu. An yi guje-guje, ƙwallon ƙafa, dambe da kokawar gargajiya, an kuma yi gasar waƙa, tatsuniya, zane da ɗaukar hoto. Ni a lokacin ban daɗe da gama makarantar horon malamai ta Tawa ba. Bin takardun aiki ya kai ni Yamai, ta Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso. Na sauka wurin kawuna a unguwar Bukoki, shi ya ara mini kyamarar da ya sayo a Abijan lokacin da yake zuwa biɗa. Ya ce, “Ɗana, ka yi a hankali, fim ba ruwan rijiya ba ne.”

Hoton farko filin wasa na Janar Seyni Kunce ne, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 1989, tutoci sun kewaye shi. Daga nan sai gadar Kennedy da hantsi, raƙuma da motoci suna bin hanya ɗaya. An gama ta a 1970, kuma a 2005 ita kaɗai ce gadar da ke haɗa gaɓoɓin kogin Kwara a birnin. Ta biyu sai a 2011, ta uku a 2021. Na ɗauki babban masallacin Juma'a da Libiya ta ba da kuɗin gininsa, da Babbar Kasuwa wadda gobara ta cinye a 1982 aka sake gina ta. A gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, na ɗauki itacen nan na Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973 aka kawo gangar jikinsa aka adana.

Da na jera hotunan a kan tebur, na ga wasu abubuwan da ke cikinsu babu su yau. Ƙaramar Kasuwa, inda na ɗauki masu tumatir da albasa, ta ƙone a 2012. Dandalin da aka raɗa wa sunan Farankofoni an sauya masa suna a 2024, ya koma na Ƙawancen Ƙasashen Sahel, kuma a 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar da ke shirya wasannin. Hoton da na ɗauka don in yi wa abokai burga ya zama shaidar wani zamani.

Yara suka yi ta miƙa wa juna hotunan suna mamaki. Can sai wata yarinya da ke zaune a baya ta ɗaga hannu ta ce, “Mushe, innata ta ce shekarar nan ce aka ci anza. Ina hoton garinmu?”

Na yi shiru, don ba ni da shi. Daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta biyo baya, rumbuna suka wofinta tun kafin bazara. Cikin 2005 jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram sun sha wuya ƙwarai. A Allakaye na ga mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin sa wa yara a baki. Na ga magidanta sun sayar da awaki a wulaƙance don tiyar hatsi. A watan Agusta Shugaba Tandja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar, maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce har waje. Wata huɗu bayan haka ina tsaye gaban filin wasa ina gyara kyamara. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba in rage hoto biyu in kawo gida in ɗauki rumbun mahaifina, don a ganina a lokacin bene da gada ne abin ɗauka.

Ban ce laifi ne a yi wasannin ba. Baƙi sun ga ƙasarmu, 'yan kokawarmu sun shiga fili gaban duniya, gidajen da aka gina don saukar 'yan wasa sun zama unguwa. Amma birni ranar biki kamar yaro ne ranar salla: an yi masa wanka, an sa masa sabuwar riga. Wanda ya ga hotunana kawai bayan shekara hamsin zai ɗauka 2005 shekarar tutoci ce.

Don haka, 'yan'uwana malamai, idan kun kai tsohon hoto aji, ku sa yara su tambaya: wa ya ɗauka, yaushe, me ya sa ya juya kyamara nan ya bar can? Ku kuma iyaye, ku fito da hotunan da ke ƙasan akwati, ku rubuta shekara da wuri a bayansu tun masu iya tunawa suna raye. Wayoyin da ke hannunmu yanzu ba su san tsadar fim ba, sai a ɗauki rijiya, kasuwar mako da ajin zana kafin su sauya.

Yarinyar nan na ba ta aiki: ta zauna da innarta ta rubuto abin da ta tuna na shekarar anza. Ta kawo shafi biyu ranar Litinin. Na ninke su na sa cikin ambulan ɗin, tare da hotunan 29.