Rashi, Nadama da Abota a Littafin The Kite Runner: Waiwaye ga Tarihin Afganistan

1.0 Gabatarwa

Khaled Hosseini, wanda aka haifa a Kabul a 1965, ya fitar da ƙagaggen labarinsa mai suna The Kite Runner a Amurka a 2003. Littafin yana cikin rukunin labaran da ke bin tauraro tun daga ƙuruciya har ya mallaki hankalinsa. Sau da yawa ɗalibai kan ɗauki jigoginsa na rashi da nadama da abota a matsayin abin da ya shafi yara biyu kawai. Wannan takarda tana ganin ba za a gane nauyin laifin tauraron ba sai an waiwayi tarihin ƙasar.

2.0 Tushen Tarihi

Amir, tauraron labarin, ɗan attajiri ne daga ƙabilar Fashtun, mabiya Sunna. Hassan kuwa ɗan baran gidansu ne, daga ƙabilar Hazara, mabiya Shi'a. Wannan bambanci ba marubucin ne ya ƙirƙiro shi ba. Tsakanin 1891 da 1893 Sarki Abdur Rahman Khan ya yaƙi Hazara, aka ƙwace gonakinsu, aka sayar da da yawa daga cikinsu a matsayin bayi. Tsarin mulkin 1923 na zamanin Sarki Amanullah ya haramta bauta, amma raini bai gushe ba. Shi ya sa Hassan ya tashi bai san karatu ba, yana yi wa Amir hidima da safe, su yi wasa da yamma.

3.0 Warwarar Jigo

A hunturun 1975 Amir ya ci gasar jirgin takarda mai zare. Hassan ya ruga ɗauko masa jirgin da ya tsinke na ƙarshe, sai Assef da yaransa suka tare shi a lungu, Assef ya yi masa fyaɗe. Amir yana leƙe, ya gudu. Abin lura a nan shi ne, tsoro kaɗai bai isa ya bayyana gudun ba: yaron ya lallashi zuciyarsa da cewa ai Hassan ɗan Hazara ne kawai. Tarihi ne ya ba shi wannan uzuri. Daga baya, saboda ganin Hassan ya zame masa azaba, sai ya ɓoye agogo da kuɗi a ƙarƙashin katifarsa. Hassan ya amsa laifin satar da bai yi ba, shi da Ali, wanda ya rene shi a matsayin uba, suka bar gidan.

Rashin da ya biyo baya ya tafi kafaɗa da kafaɗa da na ƙasar. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga a Disambar 1979, Amir da mahaifinsa suka tsere a 1981 har zuwa Kalifoniya. Taliban sun kama Kabul a 1996, suka hana wasan jirgin takarda, sannan a 1998 suka yi wa Hazara kisan gilla a Mazar-i-Sharif. Su ne kuma suka kashe Hassan a cikin labarin.

Sai a 2001 Amir ya ji cewa Hassan ɗan mahaifinsa ne, wanda uban ya ɓoye don gudun abin kunya. Wannan dabara ta marubucin tana da rauni, domin ta sa ceton Sohrab, ɗan Hassan, ya yi kama da haƙƙin jini, alhali tun kafin a san da zumuntar akwai bashin abota a wuyan Amir.