Daga Reshen Bedi zuwa Fitila Mai Walƙiya: Tarihin Alamar Gargaɗi a Hanyoyin Sarkin Yamma

Karkarar Sarkin Yamma, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, tana kusa da birnin Maraɗi da fadamar Gulbin Maraɗi, kuma mafi yawan hanyoyin da ke haɗa ƙauyukanta da kasuwanni na yashi ne ko na burji, wato jar tsakuwa da aka zuba aka daddale ba tare da kwalta ba. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a wannan ƙasa, saboda haka ba a san motar ture ƙanƙara ba, irin wadda ake ɗaura wa faffaɗan ƙarfe a gaba a Kanada da arewacin Amurka domin buɗe hanya a lokacin hunturu. Sai dai matsalar da ke sa mai irin wannan mota ya tsaya yana zaɓen fitilar da zai kafa a kan rufinta ita ce matsalar da mai amalanke da direban a-kori-kura da ma'aikacin gyaran hanya suke fama da ita a nan, domin kowannensu yana tafiya a hankali ko yana tsaye cak a wurin da wasu ke gudu, a lokacin da ido ba ya kaiwa nesa. Tarihin alamar gargaɗi a wannan yanki tarihin bambancin gudu ne, kuma nauyinsa ya fi sauka a kan wanda ya fi kowa nawa a tafiya da ƙarancin hali.

A zamanin fatauci wannan bambanci bai taso ba. Ayarin da ya ratsa ƙasar Katsina ta arewa, kamar wanda Heinrich Barth ya biyo ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon shekarar 1851, tafiyar jaki da raƙumi da ɗan adam yake yi, kuma duk abin da ke kan turba ƙafa yake takawa. Madugu, wanda shi ne shugaban ayari, yana da jagaba da ke wucewa gaba domin duba hanya da neman zango, kuma gargaɗin da ake bukata na mahara ne da namun daji, wanda murya da mai kawo labari suke isarwa. Wutar da ake hurawa a zango da dare ta girki ce da jin ɗumi da korar kura. Bayan jihadi, lokacin da sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa daularsu a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, dajin da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ya zama fagen hare-hare, kuma a irin wannan hali matafiyi mai hankali ɓoye haskensa yake yi.

Mota ce ta kawo sauyi, ita kuma gyaɗa ce ta jawo ta. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Maraɗi ta sami hanyar fita zuwa teku ta Katsina da Kano da Legas, kuma sannu a hankali manyan motoci suka karɓe kayan da raƙuma da jakuna suka saba ɗauka. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi na cikin fadama, aka sake gina birnin a kan tudu da tituna miƙaƙƙu, sa'annan a shekarun 1950 Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle domin karkata wani kaso na gyaɗar zuwa Paraku da Kwatano, tafiyar da ta fi ta Kano nisa ƙwarai kuma take cin kwanaki. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kan kasuwancinsu a 1986, sun zuba dukiya a sufuri, ƙauyuka irin na Sarkin Yamma kuwa su ne tushen buhunan da ake lodawa. Daga nan ne turba ɗaya ta fara ɗaukar abubuwa biyu da gudunsu bai yi kusa da juna ba.

Akwai wani abu da ya ƙara rikita lamarin a kan iyaka, wanda matasan direbobi ba su tarar da shi ba. Nijar tana tuƙi a hannun dama bisa tsarin Faransa, Nijeriya kuwa ta bi hannun hagu irin na Ingila har zuwa ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka motar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya sai ta sauya hannu a tsakiyar tafiya. Fitilar gaba idan an rage ta, abin da direbobi ke kira dim, ana karkata haskenta ne zuwa gefen hanya domin kada ta kashe wa mai zuwa ido, don haka fitilar da aka daidaita domin wata ƙasa takan haska fuskar mai tahowa a ɗaya ƙasar. Motocin da aka shigo da su daga Faransa kuma sun zo da fitilun gaba masu launin ruwan ɗorawa, domin dokar Faransa ta wajabta wannan launi tun daga shekarun 1930 har zuwa 1993, kuma mai tsayuwa a bakin hanya yana iya gane asalin mota daga launin haskenta.

Alamar gargaɗin da ta fi kowace daɗewa da yaɗuwa a yankin ba daga wata doka ta fito ba. Idan babbar mota ta lalace a kan hanya, karen mota, wato yaron da ke taimakon direba yana koyon aiki, yakan diro ya sa weji a ƙarƙashin taya domin kada motar ta gangara, sa'annan ya shiga gefen hanya ya karyo rassan bedi ko sabara ko tumfafiya, ya jera su tsibi-tsibi a kan hanyar, na farko can nesa da motar, na ƙarshe dab da ita, ya ɗora wa kowane tsibi dutse ko ɓaraguzan ƙasa saboda iskar motocin da ke wucewa. Haka zai yi ta gaba da ta baya, kuma idan wurin kwana ne ko gangare sai ya ƙara nisa. Wannan al'ada, wadda ake gani daga Senegal har zuwa Kamaru, tana da hikimar da ta cancanci a yaba, domin jerin tsibin yana ba direba labari sau da yawa kafin ya iso, yana kuma nuna masa gefen da aka tare, kuma ba ta bukatar batir ko kuɗi. Ɗanyen ganye yana shaida cewa matsalar sabuwa ce. Rauninta biyu ne: ganye ba ya mayar da haske, saboda haka da dare sai mota ta zo kansa ake ganinsa, kuma sau da yawa idan gyara ya kammala akan tafi a bar rassan da duwatsun a kan hanya, abin da ke kayar da mai babur kuma yake koya wa direbobi raina alamar. Da dare akan ƙara da ƙaramar wuta ko fitilar ƙwai ko aci-balbal, abin da ke da haɗari ƙwarai a kusa da motar da ke ɗauke da mai.

A ƙasashen Turai ma da mutum aka fara kafin fitila. Dokar Ingila ta 1865 ta wajabta wa wani mutum ya riƙa tafiya a gaban motar tururi yana riƙe da jar tuta. A 1934 Percy Shaw ya ƙirƙiro ƙusoshin tsakiyar titi masu mayar da haske, a ƙarshen shekarun 1930 kamfanin 3M na Amurka ya fito da leda mai ƙananan ƙwayoyin gilashi da ke mayar da haske zuwa inda ya fito, a 1948 kuma aka fara sayar da fitila mai juyawa ta kan rufin mota a Amurka. Yarjejeniyar Viyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, tare da gyare-gyaren da suka biyo bayanta, ita ce ta tsara ma'anar launuka a ƙasashe da dama: fari a gaba, ja a baya, shuɗi mai walƙiya ga motocin da ke da haƙƙin a ba su hanya kamar ta asibiti da ta kashe gobara, ruwan goro mai walƙiya kuma ga motar aiki ko mai nawa ko mai faɗi. Bambancin launukan biyu na ƙarshe yana da muhimmanci, domin shuɗi yana neman a kauce ne, ruwan goro kuwa yana roƙon a rage gudu a lura, kuma ba ya ba mai shi wani fifiko. A cikin wannan tsari akwai alwatika mai jan baki, wadda dokar Faransa ta ce a ajiye kimanin mita 30 daga motar da ta lalace, kuma jandarmomin Nijar da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, suna tambayar ta a shingayen bincike. Duk da haka reshe bai bar hanya ba, kuma akan ga alwatika guda a tsakiyar jerin ganye.

Abin da ƙanƙara take yi a arewacin duniya, ƙura da yashi suke yi a nan. Daga wajen watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, ta mayar da ita hazo, da damina kuma guguwar da ke gaban hadari takan rufe gari cikin mintoci kaɗan, ruwa ya zaizaye burji ya tara yashi a magudanai. A gabashin ƙasar, wajen Gure da Maine-Soroa, tudun yashi kan hau babbar hanyar ƙasa har sai an kawo katafila ta ture shi. Gireda da ke kankare gargada, wato ƙananan tuddan da ke jeruwa a kan burji suna girgiza mota, tana tafiya ne cikin ƙurar da ita kanta take tayarwa. Darussan da masu ture ƙanƙara suka koya suna aiki a nan kusan kalma da kalma. Farin haske mai ƙarfi yana bugun ƙwayoyin ƙura ya dawo idon direba, saboda haka doguwar wuta a cikin hazo makanta take ƙarawa. Fitilar gargaɗi tana bukatar a kafa ta sama da kan mota da kayan da ke bayanta domin a gan ta ta kowace fuska, kuma ƙa'idar Turai ta sa walƙiyarta tsakanin sau biyu zuwa huɗu a daƙiƙa. Walƙiya tana jawo ido amma tana wahalar da mai bi wajen auna nisa, shi ya sa ake barin jajayen fitilun baya a kunne tare da ita, kuma hasken da ya dace da tsakar rana yakan yi yawa da dare. A jihohin Ohayo da Mishigan na Amurka an halatta ƙara koren haske a motocin ƙanƙara na hukuma domin ruwan goro ya yi yawa a hanya har ido ya saba da shi. Fitilun zamani na LED ba su cin batir sosai, amma da yake ba su yin zafi ƙwarai, ƙanƙara takan daskare a kansu. A hanyar burji jar ƙura ce ke lulluɓe su, kuma tsumman goge fitila yana cikin kayan aikin da bai kamata direba ya raina ba.

Wanda wannan ci gaba ya bari a baya shi ne mai amalanke. Amalanken shanu da na jaki sun yawaita a ƙauyukan Maraɗi daga shekarun 1970 da 1980, lokacin da ayyukan raya karkara suka yaɗa noma da dabbobi, kuma su ne ke kai gero da kara da taki da itacen dajin Baban Rafi, su dawo daga kasuwa bayan magariba. Lissafin yana da ban tsoro. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa kuma tana bukatar fiye da mita 60 kafin ta tsaya a kan busasshiyar kwalta, alhali dokar Faransa mita 30 kawai ta shar'anta wa hasken dim. Amalanken da ba shi da komai a baya, wanda gudunsa bai wuce na mai tafiya a ƙasa da yawa ba, yana bayyana ne bayan lokacin tsayawa ya ƙure. Masu amalanke sun nemi mafita da abin da ke hannunsu: wani yakan ƙusa tsohon faifan CD a katakon baya, wani ya ɗaura jan ƙyalle, kuma tun da tocila mai LED ta ƙasar Sin ta yi arha a shekarun 2000, yaron da ke zaune a kan kaya yakan juya ya haska baya idan ya ji ƙarar mota. Leda mai mayar da haske, ja a baya da fari a gaba, ita ce ta fi dacewa da wannan abin hawa, domin da hasken motar da ke tahowa take aiki kuma ba ta mutuwa don batir ya ƙare, kuma abin takaici ne a ce ana ƙawata babura da adaidaita-sahu da fitilu masu launin shuɗi da ja da ke ɓata ma'anar launuka, amalanke kuwa yana tafiya cikin duhu.

Tsohuwar dabarar ɓoye haske ma ba ta mutu ba. A lokutan rufe iyaka, kamar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023, fataucin mai da shinkafa ya ƙara komawa barauniyar hanya, inda babura da ƙananan motoci kan kashe fitila da gangan, kuma matsalar ƴan bindiga a kudancin Madarunfa ta sa wasu matafiya suna tsoron hasken da zai nuna inda suke. A gefe guda kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 kuma zai bi ta Katsina da Jibiya, ya kawo tifa da gireda da motocin injiniyoyi masu fitilar ruwan goro a kan rufi, kuma inda layin zai ratsa turbobin ƙauyuka za a bukaci sabuwar alama a mahaɗar jirgi da amalanke.