Kano Ta Gabas: Mazaɓar Da Ta Kai Malam Aminu Ikko

Mu mutanen Funtuwa da Malumfashi, in aka ce mazaɓa, Funtuwa/Dandume da Malumfashi/Kafur ne ke zo mana a rai, kamar da su aka halicci ƙasar. Alhali mazaɓa zane ce ta ɗan Adam, ana shata ta, ana kuma share ta. Ga misalin Kano ta Gabas.

A zaɓen Majalisar Tarayya na 1954, talakan Arewa bai zaɓi wakilinsa kai tsaye ba. Hawa-hawa ake yi, wakilai su zaɓi wakilai, kuma kafin a kai hawan ƙarshe 'yan En'e sun tace wanda suke so. A wannan zaɓe ne Maitama Sule na NPC ya kayar da Malam Aminu Kano na NEPU.

Da zaɓen 12 ga Disamba 1959 ya zo, sai aka yanka ƙasar gida 312, Arewa ta sami 174. Kowane baligi ya shiga rumfa shi kaɗai, ya jefa ƙuri'arsa a akwatin da yake so, ko mai fartanya ko mai tauraro. To, a nan ne Malam ya ci Kano ta Gabas. Mun ce baligi, domin matan Arewa ba su da ƙuri'a a lokacin, duk da irin ɗaurin da su Gambo Sawaba suka sha. Wato rabin mutanen mazaɓar 'yan kallo ne.

Abin da ya biyo baya shi ne mai ɗaure kai. NEPU ƙawar NCNC ce, NCNC kuwa ta haɗa gwamnati da NPC. Sai ga Malam a Ikko yana mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati, a lokacin da alƙalan En'e ke ɗaure magoya bayansa a gida. Marubutanmu ba su cika tsayawa a kan wannan gaɓa ba, ga shi kuwa akwai littafi guda a cikinta.

A zaɓen Disamba 1964, wanda ƙawancen UPGA ya yi kiran a ƙaurace masa, kujerar ta koma hannun NPC, Mahmud Ɗantata ya hau. Bai jima a kanta ba, domin ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka yi juyin mulki, majalisar ta watse, mazaɓar ta bi ta. Da aka dawo siyasa a 1979, sabon zane aka yi, kuma a wannan karon da mata a layi.