Tarihin Katin Suna A Japan Da Ladubban Miƙa Shi

Yau za mu leƙa ƙasar Japan, mu duba tarihin ɗan katin nan da 'yan kasuwa ke miƙa wa juna, mai ɗauke da suna da muƙami da adireshi. Su Japanawa "meishi" suke ce masa, kuma a wurinsu yadda mutum ya miƙa shi na iya gyara ciniki ko ya ɓata shi tun ba a zauna ba.

Asalin al'adar daga ƙasar Sin ne. Tun zamanin daular Han, manya kan rubuta sunansu a 'yar falle ta katako ko ta gora, su aika da ita gidan wanda suke son gani. A 1984 an tono kabarin Zhu Ran, wani jarumin yaƙi da ya rasu a shekarar 249, a lardin Anhui, aka tarar da irin waɗannan katakai da sunansa a jiki.

A Japan kuwa, sai wajen farkon ƙarni na 19, a zamanin Edo, abin ya bayyana. Mutum kan rubuta sunansa da tawada a takardar gargajiya, in ya je gida bai tarar da mai gidan ba ya bar ta, shaidar cewa ya zo. Bayan jiragen ruwan Amurka ƙarƙashin Matthew Perry sun iso a 1853, ƙasar ta buɗe ƙofa ga baƙi, jami'ai suka fara amfani da bugaggen kati wajen hulɗa da Turawa. Daga 1868, zamanin Sarki Meiji, katin ya bazu tsakanin ma'aikata da attajirai. Girmansa da aka saba a yau milimita 91 ne da 55.

Me ya sa suka riƙe shi da muhimmanci haka? Harshen Japananci yana da matakan girmamawa, kuma kalmomin da za ka yi wa shugaban sashe daban suke da na ƙaramin ma'aikaci. Sai ka san matsayin mutum kafin ka san yadda za ka yi masa magana, katin ne kuma ke faɗa maka. Ga shi rubutun kanji guda na iya karantuwa ta hanya fiye da ɗaya, shi ya sa tambayar yadda ake furta suna ba abin kunya ba ne.

Daga nan ladubban suka samo tushe. A tsaye ake musayar, ba a miƙawa ta saman tebur. Ana riƙe katin da hannu biyu, rubutun na fuskantar mai karɓa, a ɗan rusuna, a faɗi sunan kamfani da na kai. Baƙo ko mai neman ciniki shi ke fara miƙawa, yana saukar da nasa ƙasa kaɗan da na wancan. Wanda ya karɓa zai tsaya ya karanta, ya ɗora shi a kan 'yar jakar katinsa bisa tebur har a tashi. In mutane da yawa ne, sai a jera katunan daidai da yadda suka zauna. Yin rubutu a kai a gaban mai shi, ko lanƙwasa shi, ko cusa shi a aljihun baya na wando, duk raini ne, domin suna ɗaukar katin tamkar fuskar mai shi.

Zamani ya taɓa al'adar. Kamfanin Sansan da aka kafa a Tokyo a 2007 ya ƙware wajen adana katunan a kwamfuta da waya, annobar korona ta 2020 kuma ta sa wasu musaya ta intanet. Duk da haka katin takarda na nan daram.

Kamfanonin Japan kan zo baje kolin kasuwanci na ƙasa da ƙasa a Legas, kuma 'yan kasuwarmu na haɗuwa da su. Mu da muka tashi da sanin cewa ba a miƙa wa babba abu da hagu, wannan ba zai yi mana wuya ba. Duk wanda zai je, ya tanadi katinsa mai tsabta, ya karɓi nasu da hannu biyu, ya karanta kafin ya ajiye.