Dokar 1959 da Tambayar da Ake Yi a Bakin Gadon Majinyaci

Asibitin Nassarawa, wanda a yau ke ɗauke da sunan Muhammad Abdullahi Wase, ya fara ne a matsayin asibitin Turawan da ke zaune a unguwar GRA. A ɗakunan jinyarsa, kamar na sauran asibitocin Kano, akan kai wani mataki da likita zai ce magani ya daina amfani, dangi kuma su shiga tambayar abin yi. A Holan, tun 2002 doka ta amince likita ya kawo ƙarshen ran majinyacin da ya roƙi haka. Kano kuwa ta bi wata hanya, kuma tarihin dokokinta ya nuna yadda aka zo gare ta.

A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Shawarar kwamitin ce ta haifar da kundin Final Kot na 1959, wanda ya fara aiki a 1960. An gina shi a kan kundin Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga na Indiya na 1860. Ta wannan doguwar hanya wani sashe ya iso Arewa. Sashe na 222 ya ce idan wanda ya haura shekara 18 ya yarda a kashe shi, ba a yanke wa wanda ya kashe shi hukuncin kisa, amma laifin yana nan, kuma ɗauri na iya kaiwa rai da rai. Kundin Kudu bai bar ko wannan sassauci ba, domin a can yardar mamaci ba ta rage komai. Fikihun Malikiyya, wanda Kano ta maido da hukuncinsa na laifuka a 2000, ya fi tsanani: a mashhurin zance, izinin da mutum ya bayar kafin a kashe shi ba ya kawar da ƙisasi.

Sai dai kashewa daban, dakatar da magani daban. A 1986 Majalisar Fikihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, ta halatta cire na'urar numfashi idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu. A 2001, a shari'ar Okonkwo, Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, ko da hakan zai kai shi ga mutuwa.

Saboda haka allurar mutuwa haramtacciya ce a doka da addini, yayin da janye maganin da ba ya amfani yake da mafita. Matsalar tana tsakanin biyun. Da yawa daga cikin waɗanda ake mayarwa gida daga asibiti, kuɗi ne ya ƙare, kuma sukan ƙarasa kwanakinsu cikin raɗaɗin da mofin zai iya kwantarwa. Kulawar sauƙaƙa ciwo, wadda Cicely Saunders ta kafa wa asibiti a Landan a 1967, ba ta saɓa wa Final Kot ko Malikiyya ba. Ita ce haƙƙin da majinyacin Kano yake bin gwamnati, kuma a kanta ya kamata muhawarar ta tsaya.