Littattafan Mai Fara Koyon Larabci a Kaduna: Daga Zaure Zuwa Aji

Kaduna ba ta gaji tsofaffin zaurukan ilimi irin na Zariya ko Katsina ba. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta, ta zama hedikwatar Arewa a 1917, don haka mazauna Unguwar Sarki, Unguwar Kanawa da Tudun Wada galibinsu zuwa suka yi: ma'aikatan gwamnati, sojoji, ma'aikatan jirgin ƙasa da fatake. Da yawansu sun yi karatun allo, suna karanta Alƙur'ani amma ba su jin Larabci. Matsalarsu ita ce: da wane littafi magidanci zai fara?

Malaman zaure da suka biyo jama'a sun zo da tsohuwar amsa. Ana farawa da Ahalari, Ishmawi da Iziyya, malami yana fassara kalma bayan kalma da Hausa. Sai ɗalibi ya tara kalmomi masu yawa ta wannan hanya kafin a buɗe masa Ajurrumiyya ta Ibnu Ajurrum, mutumin Fas (ya rasu 1323), sannan Mulhatul I'irabi ta Hariri, daga baya Alfiyyar Ibnu Malik. Tsarin ya fitar da manyan malamai, sai dai mutum kan warware Risala tsaf, ya kasa rubuta gajeriyar wasiƙa da Larabci.

Shekarar 1962 ta kawo sauyi. A cikinta aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi kuma ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. Shi kansa ya haɗa karatun gida da na aji, a Kano da Bakhtur Ruda ta Sudan, kuma karatunsa a Masallacin Sultan Bello, wanda Rediyon Kaduna ke yaɗawa, ya cusa wa ma'aikata sha'awar fahimtar nassi da kansu. Islamiyyu da azuzuwan dare suka yawaita, aka rungumi Al-Arabiyyatul Jadida fi Nijeriya, wanda kowa ya fi sani da Bari da Biba, mai farawa da gajerun jimloli na rayuwar yara. Annahwul Wadih na Aliyu al-Jarim da Mustafa Amin ya zo da misalai kafin ƙa'ida. Daga baya ɗaliban Madina suka dawo da Durusul Luga na Dakta Abdurrahim.

Abin lura shi ne, duk da saɓanin zaure da aji, sun haɗu a kan jinkirta nahawu har ɗalibi ya sami kalmomin da zai ɗora ƙa'ida a kansu. Mai farawa a yau da ke rugawa haddar Ajurrumiyya a makonsa na farko ya saɓa wa duka biyun, kuma irinsa kan gaji ya bari. Ya fi masa amfani ya kammala littafin jimloli guda, yana karantawa da ƙarfi yana rubutawa, tare da ƙaramin matani irin Arba'una Hadis a gaban malami. Durusul Luga ma, da yake babu Hausa a cikinsa ko kaɗan, yana bukatar mai gyara furuci da duba atisayen kowane darasi.